Yadda nake riƙe sababbin masu bi, uku-uku

Na haura shekara ashirin ina ɗinki, kuma ban taɓa ganin yaron da ya iya yankan kaftani don an zana masa a allo ba. Zama yake yi kusa da kai. Ya fara da guga da sa maɓalli, ya ɓata yadi ɗaya ko biyu, ka yi faɗa, ka sake nuna masa, har hannunsa ya faɗa. Da ikilisiyarmu ta ɗora mini riƙon waɗanda suka gama ajin baftisma, ba ni da takardar makarantar Littafi Mai Tsarki ko ɗaya. Abin da na sani na shago shi na ɗauko, ga shi kuma zan faɗa wa duk wanda aka ɗora wa irin wannan kaya.

Kalmar almajiri ma ta riga ta yi mana rabin bayani. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, almajirai ya kira mabiyan Yesu. Bahaushe kuwa ya san almajiri ba ɗan zuwa da tafiya ba ne, a gaban malaminsa yake kwana yake tashi. Markus 3:14 ya ce Yesu ya zaɓi sha biyun nan domin su kasance tare da shi, aikensu wa'azi daga baya ya biyo. Mu kuwa mukan juya abin: mutum ya fito daga ruwan baftisma ranar Lahadi, kafin wata ya zagayo mun tura shi ƙungiyar mawaƙa ko ƙungiyar wa'azi ta Sabon Rai, ba wanda ya san ko yana addu'a a ɗakinsa.

Ka fara da zuwa wurin fasto, ka gaya masa su wa za ka riƙe, a ina, yaushe. Taron da fasto bai sani ba, ko na alheri ne, wata rana sai ya zama abin magana. Sannan kada ka wuce mutum uku. Na gwada bakwai a shekarar farko, sai abin ya koma ƙaramar sujada: ni ina wa'azi, su suna gyaɗa kai. Mutum ɗaya kuma yana da nasa haɗari, don yakan manne maka har ya kasa yanke shawarar sayen takalmi sai ya tambaye ka. A uku, in ɗaya ya yi shiru biyu za su lura. Maza su riƙe maza, mata su riƙe mata. Titus sura 2 ta ba tsofaffin mata aikin koya wa 'yan'uwansu ƙanana, Zumuntar Mata kuma ta fi mu iya wannan nesa ba kusa ba, sai dai mu maza ba ma son a faɗa.

Mu a shagona muke haɗuwa, ranar Alhamis da yamma in na rufe, awa ɗaya. Ba a majami'a ba, domin mutum da ya zauna a bencin coci sai ya sa muryar coci, komai ka tambaye shi ya ce "mun gode wa Ubangiji". A kan bencin shago, ga gyaɗa a leda, ya fi saurin cewa mai gidan haya ya ba shi wa'adi. Da damina, in akwai manomi a cikinsu, ku matsar da lokacin. Kada ka sa mutum zaɓi tsakanin noman farko da nazari, zai zaɓi gona, ya kuma ji kunyar dawowa.

Kashi ɗaya cikin uku na lokacin, tambaya ce kawai: ya makon ya kasance, ya gida, abin da muka yi addu'a a kai wancan makon ina aka kwana. Daga nan mu buɗe Markus. Shi nake farawa da shi kullum don sura 16 ne kacal, labari ne kuma mai tafiya da sauri. Sura ɗaya a mako, wata huɗu kun gama. Ɗaya ya karanta da ƙarfi, a rufe littafin, wani ya maimaita labarin da bakinsa. Wannan ya taimaki wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba, har ma na ga marar karatu ya fi mai sakandare riƙe labari. In akwai irinsa, a sa masa na sauraro a waya ya riƙa ji a gida. Tambayoyina ba sa canzawa: me wannan ya nuna mana game da Yesu, me ya dame ka a ciki, me za ka yi kafin Alhamis mai zuwa. Ta ukun ita ce mai wuya. In ya ce "zan ƙara ƙaunar mutane", ban karɓa ba. In ya ce zai je ya gai da ƙanin babansa da suka yi wata shida ba sa magana, to, mun samu abin da za mu tambaya mako mai zuwa. Mu haddace aya ɗaya, kowa ya yi wa na kusa da shi addu'a, mu tashi. Ka kama bakinka. In ka ji muryarka ta fi minti biyar a jere, ka koma wa'azi.

Amma gaskiya, awa ɗayan nan ba ita ce almajirtarwar ba. Sauran kwana shidan ne. In za ka asibiti dubiya, ka ɗauki ɗaya. In za ka gaisuwar mutuwa, ka ɗauki wani, ya ga yadda ake zama a gidan makoki ba tare da cika mutane da ayoyi ba. Su ci tuwo a gidanka, su ji yadda kake yi wa matarka magana in miya ta yi gishiri. Ka sani kuma duk abin da kake yi ana gani.

Wata shekara, saura kwana biyar Kirsimeti, ɗinki ya yi mini yawa. Wata mata ta zo karɓar kayan 'ya'yanta, ko yankawa ban yi ba. Na ce mata saura guga, ta dawo gobe. Ɗaya daga cikin ukuna yana zaune a gefe yana jirana. Da ta fita, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Baba, ba yadinta ba ne wancan a ƙarƙashin tebur?" Na so in ce masa ai haka sana'ar take, kowane tela yana yi. Sai na tuna makon da ya wuce ni da bakina na sa shi haddace Matiyu 5:37, cewa i ɗinmu ya zama i, a'a kuma a'a. Na ce, "Shi ne, ɗana. Ƙarya na yi mata." Muka bi ta har bakin titi, na gaya mata gaskiya. Ta wanke ni tas, ta karɓi yadinta ta kai wa wani. Yaron nan bai sake ɓoye mini komai ba daga ranar, har maganar burkutu da ya yi wata uku yana kewaye ta.

Nan maganar amana ta shigo. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da aka faɗa a zamanku, a nan zai tsaya, ko matarka kada ta ji, kuma kada ka kai shi taron addu'a da sunan "mu tuna da wani ɗan'uwa", don kowa zai gane wanda ake nufi. Na taɓa yin haka, mutumin bai sake taka shagona ba. Sai dai tun ranar farko nakan gaya musu iyakar: in abin ya kai ga cutar da wani, kamar dukan mata ko taɓa yaro, ko mutum yana neman hallaka kansa, ba zan rufe ba, tare za mu je wurin fasto, in ya kama a kai gaba a kai.

Kuɗi kuwa, kada ka ba da rance. In kana da shi, ka ba shi kyauta daidai ƙarfinka, in ya fi ƙarfinka ka kai wa dattawan ikilisiya. Wanda kake bi bashi, da ya hango ka zai canza hanya.

Gyara a keɓe ake yi. Bilkisu da Akila da suka ji Afolos yana koyarwa da ɗan gibi, gefe suka ja shi, haka Ayyukan Manzanni 18:26 ta nuna. Wanda kuma danginsa suka juya masa baya saboda bangaskiyarsa, kada ka yi ta yawo da shi coci-coci yana ba da shaida. Wurin kwana da sana'a yake bukata tukuna. Ka kuma hana shi zagin iyayensa, ya ci gaba da gaishe su ko ba sa amsawa.

Sai yaye. Yaron shago da ya shekara goma bai buɗe nasa ba, laifin maigidansa ne. Barnaba da Shawulu, wato Bulus, shekara guda suka yi suna koyarwa a Antakiya, ni ma shekara nake ɗiba. Daga wata na shida sai in fara ba su jagorancin zaman bi da bi, ni in koma gefe ina ɓare gyaɗa, ko sun yi kuskure sai an tashi nake faɗa. Wajen wata na goma, kowa ya kawo sunan wanda zai riƙe, mu kai wa fasto. Abin da 2 Timoti 2:2 ke nufi ke nan: Bulus ya ba Timoti, Timoti ya ba amintattu, su kuma su ba waɗansu.

Ba duka ke kaiwa ba. A kowane uku, da wuya ban rasa ɗaya a hanya ba, ko aiki ya kai shi Abuja, ko ya yi sanyi kawai. Nakan je gidansa sau biyu, in ya ƙi sai in bar shi, amma ba na share lambarsa. Yahaya Markus ma ya gudu ya bar su Bulus a tsakiyar tafiya, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa, daga baya kuma Bulus ɗin ne ya rubuta a kawo masa shi don yana da amfani. Mai murza hular nan yanzu yana da nasa ukun, ranar Talata suke zama a bayan garejin da yake aiki. Makon jiya ya aiko a ara masa benci.