Kafin ka sayi rauta, ka fara aron ta maƙwabci

Lissafi ne ya sa na kawo intanet gida, ba son zamani ba. A watan Janairun 2025 hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Ba a yi wata biyu ba na ga kuɗin data ya fara goga kafaɗa da kuɗin cefane. A gidanmu da ke Ɗorayi waya bakwai ce ke ci: tawa, ta uwargida, ta Hajiya mahaifiyata, ta ƙanena da ke karatu a BUK, na manyan yara biyu, da wata tsohuwa mai fasasshen gilashi da ƙanana ke kallon katun da ita. Kowace da layinta, kuma duk ni suke kallo. Kwana uku ba sa wucewa ban ji "Baba, datata ta ƙare" ba.

Sau biyu na sayi rauta, wato akwatin nan da ke raba intanet a gida ta waifai. Ta farko tana nan cikin durowa da kwalinta, saboda kurakuran da zan faɗa maka.

Fara da sanin abin da gidanka ke ci. Kada ka tambayi mutane, kowa zai rage, musamman matasa. Karɓi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ka shiga wajen saiti inda waya ke nuna datar da aka ƙona a wata da manhajar da ta cinye ta. *323# zai nuna maka abin da ya rage a layi, *312# kuma jerin tsare-tsaren da kamfani ke sayarwa, kuma lambobin nan iri ɗaya ne a kowane layi tun da aka daidaita su a 2023. Za ka tarar rubutun WhatsApp da saƙon murya ba komai suke ci ba. Bidiyo ne kura. Awa ɗaya ta YouTube a 480p, wato hoto mai matsakaicin kyau, tana lashe kusan rabin gig, idan aka ɗaga ta zuwa 1080p mai hoto tangaran ta doshi gig biyu. TikTok kuwa ba ya jiran ka zaɓa, kafin ka gama kallon wannan ya riga ya ɗauko na gaba.

Idan ka haɗa jimilla, ninka ta biyu. Wannan ne abin da babu wanda ya gaya mini. Mutumin da ke tattalin gig ɗaya na kuɗinsa, ranar da ya ga waifai sai ya saki hannu. Wayoyin ma haka suke: an tsara su ne su jira waifai kafin su sabunta manhajoji su kwashe hotuna su tura Google, don haka a daren farko za su yi ta zuƙa kowa na barci. Sannan talabijin ta shigo layi. Datar da na yi wa lissafin wata guda, ran sha shida ta ƙare.

Hanyoyin da ake kawo intanet gida a yanzu uku ne. Akwai rauta mai layi, wadda ake saka wa sim ta kama sabis daga ƙarfen kamfani kamar waya, 4G ko 5G. Ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma idan ka tashi daga gidan haya ka tafi da abarka. MTN ya fara 5G a 2022, Kano na cikin biranen farko, Airtel ya biyo baya a 2023. Amma "akwai 5G a Kano" daban, "akwai 5G a lungunmu" daban. Akwai faiba, wayar gilashi da ake jawowa har cikin ɗaki. Ita ta fi tsayawa da ƙafarta, ba ruwanta da cinkoson ƙarfen sabis, sai dai ba ta zuwa sai an riga an shimfiɗa ta a titinku, kuma duk ranar da masu aikin hanya ko magudanar ruwa suka sa katafila suka tsinke ta, sai haƙuri. Sai Starlink mai kamawa daga tauraron ɗan'adam, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Wannan na mai gona ne a bayan gari, ko asibitin ƙauye, ko wanda sana'arsa ba ta jure yankewa. Kayansa da tsada, kuɗin wata da tsada, yana son sararin sama ba bishiya ba bene a gabansa, kuma yana shan wuta ninkin-ba-ninkin na ƙaramar rauta. Ga gida irin nawa a tsakiyar gari, harbin sauro ne da bindiga.

Yanzu ga inda na faɗi. Na ga talla, na je wani shago a kasuwar waya, yaron shagon ya kunna mini rauta a kan kanta da hantsi, lambobin gudun intanet suka tashi kamar farashin dala, na biya. Da na kawo ta gida da rana lafiya lau. Bayan sallar isha'i, lokacin da duk unguwa ta kwanta a kan tabarma da waya a hannu, sai hoto ya tsaya, da'irar nan ta yi ta juyawa. Ƙarfen sabis kamar famfon unguwa ne, ruwan da ke zuwa ɗaya ne, masu bokiti ne ke ƙaruwa. Na ce to bari in sauya layi. Nan na gano rautar a kulle take, layin kamfani ɗaya kawai take karɓa. Na koma shago, yaron ya ce, "Ai Alhaji ba ka tambaya ba." Gaskiyarsa.

Don haka ka yi gwaji kafin ka ciro ko sisi. Idan maƙwabci na da rauta, roƙe shi aron dare ɗaya, ka saya masa data a madadin. Idan babu, wayarka ta isa: samo sim na kowane kamfani, ko na aro ne, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, masu auna gudun intanet. Gwada tsakanin ƙarfe takwas da sha ɗaya na dare, kwana uku a jere, ka haɗa da daren Asabar. Gwada a falo, a ɗakin uwargida, a tsakar gida, a bakin taga. Rubuta abin da ka gani a takarda, don ido na da saurin mantuwa idan mai talla ya fara magana. A gidanmu layin da na fi raina shi ya ci gwajin, alhali a gidan abokina da ke Hotoro ko saƙo ba ya iya turawa da shi. Shi ya sa ba na amsa tambayar "wane layi ya fi kyau?" Sai an ce a wane gida.

Lambar da za ka gani Mbps ce, ma'aunin gudun intanet. Raba ta takwas ka samu megabait nawa ke sauka a daƙiƙa: 20 na nufin biyu da rabi. Kiran bidiyo na WhatsApp ba ya buƙatar fiye da 2 zuwa 3, fim mai kyan hoto wajen 5. Gida mai mutum bakwai, 20 da ba ta motsi ta fi 100 da safe 2 da dare. Idan a gidan akwai mai ɗora bidiyon kayan sayarwa, kamar uwargidana da atamfofinta, ko mai karatu ta Zoom, ka duba lamba ta biyu, ta turawa, domin sau da yawa ita ce ke ƙasa sosai.

Sai kalmar nan da ke saman kowace takardar talla, anlimited, wai mara iyaka. Yawancinsu suna da iyaka, an dai rubuta ta da ƙananan baƙaƙe ne a ƙasa. Ba za a yanke maka ba, amma idan ka kai wani adadin gig sai a shaƙe gudun, ya koma tafiyar hawainiya har wata ya ƙare. Tambaya biyu za ka yi, ka sa a nuna maka a rubuce: bayan gig nawa ake rage gudu, kuma zuwa nawa ake rage shi? Ka kuma tambaya ko ragowar data na tsallakawa wata na gaba, da ko suna cire kuɗi da kansu idan wa'adi ya cika. Sim ɗin rautar ma sai an yi masa rajista da NIN kamar kowane layi, ka yi da sunanka, kada ka karɓi wanda mai shago ya riga ya yi wa rajista da sunan wani, domin ranar da ya samu matsala ba kai za a saurara ba.

Wurin ajiye rauta ya fi yadda ake zato muhimmanci. Sati na biyu da kawo sabuwar, na dawo daga aiki na tarar sabis ya mutu a ɗakuna. Ashe uwargida ta ga akwatin bai dace da adon falo ba, ta sa shi cikin kabet tsakanin kwanukan silba da kuloli, ta lulluɓa masa ɗan kyalle saboda ƙura. Ƙarfe da madubi da kankare duk suna tare waifai. Ɗora ta sama, kan kanta ko a jikin bango, kusa da tagar da ta fi ba ka lamba mai kyau a gwaji, nesa da firji, kuma inda iska ke ratsa ta. A zafin Afrilu na Kano rautar da aka rufe takan yi zafi ta riƙa kashe kanta. Idan gidan mai sassa ne, irin na gado mai kaurin katanga, rauta ɗaya ba za ta game shi ba. Jawo waya daga ita zuwa wata ƙaramar rauta a ɗaya sashen ya fi na'urorin ƙara sabis da ake maƙalawa a soket.

Za ka ga sunan waifai biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wannan ba 5G ɗin kamfani ba ne, zangon 5GHz ne: ya fi gudu amma ba ya ƙetare bango sosai. Na 2.4 ya fi nisa. Talabijin da ke kusa a ba ta na 5GHz, ɗakin Hajiya da ke can ƙurya a bar shi a kan ɗayan.

Maganar Hajiya ma, da farko cewa ta yi a fitar mata da shi. Ta tuna jita-jitar 2020, lokacin da aka yi ta yaɗa cewa 5G ke kawo korona. "Kai, ba wannan ne aka ce yana sa cuta ba?" Ban yi musu da ita ba. Na kira ƙanwata da ke aure a Jidda ta bidiyo, na miƙa mata wayar, suka yi awa guda tana ganin jikokinta ba tare da hoto ya daskare ba. Yanzu ita ce mai gadin akwatin. Ko ina bakin ƙofa sai ta aiko yaro: "Ka ce wa babanku abin nan ya yi ja."

Wuta kuwa, rauta ba ta da ci, yawanci bolt 12 ne da wat goma ko kusa da haka, kamar ƙwan fitila ɗaya. Ba sai ka tayar da janareta dominta ba. Akwai ƙaramin batir da ake yi musamman don rauta, girmansa bai wuce littafi ba, yana riƙe ta awanni idan an ɗauke wuta. Duba bolt ɗin da aka rubuta a jikin cajar rautarka kafin ka saya, domin akwai masu 9 akwai masu 5. Da damina kuma, idan aka fara tsawa, zare ta daga soket.

Abin da ya fi ba ni wahala ba na'ura ba ce, mutane ne. Wata ɗaya da sanyawa, dakalin ƙofar gidana ya zama majalisa. Samari shida, bakwai, kowa ya sunkuyar da kai, shiru kamar ana zaman makoki. Ni kuwa mutum ɗaya na ba lambar sirri, ɗan maƙwabcina da ke shirin jarrabawar JAMB. Ban san wayoyin yanzu suna mayar da lambar hoton QR ba, wanda kowa zai ɗauka da kyamara ya shiga ba tare da ya san ko harafi ɗaya ba. Ka ba ɗaya, ka ba unguwa.

Ga yadda na yi. A ƙarƙashin rauta akwai takarda mai adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza, ka shiga, ka fara sauya lambar shiga saitin kanta, domin da yawa "admin" ce kawai kuma yaran sun sani. Sannan ka sauya ta waifai, ka sa mai tsawo, ba lambar wayarka ko sunan autarka ba. Kashe WPS, hanyar shiga waifai ba tare da rubuta lambar sirri ba. Akwai shafin da ke jera duk wayoyin da ke ciki, ka riƙa leƙa shi, wanda ba ka gane ba ka toshe shi. Hana maƙwabci kai tsaye abu ne mai nauyi a wurinmu, kuma ni ma aron tasu na yi. Sai na buɗe waifai na baƙi, mai suna daban da lamba daban, na rage masa gudu, ina sauya lambar duk Juma'a. Yaron JAMB yana zuwa ya karɓa da kansa. Majalisar ta watse a hankali, ba wanda aka yi wa magana. A shafin nan ne kuma na sa wayoyin yarana su daina samun sabis daga ƙarfe goma na dare. An yi mini fushin kwana biyu.

Ko da komai ya zauna, ka bar ɗan data a layin wani kamfani daban. Intanet ɗinmu ta ƙarƙashin teku take shigowa Legas, ta manyan wayoyi irin su MainOne da Glo-1 da suka iso a 2010 da Equiano na Google a 2022, sannan ta yi tafiyar kusan kilomita dubu a ƙasa kafin ta iso mu. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin wayoyin tekun suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da masu POS suka tsaya cik a ƙasashe da dama. Irin wannan rana ba abin da rautarka za ta iya.

Idan fitilar rautar ta yi ja a ranar da ba haka ba, kashe ta ka ƙirga talatin ka kunna. Duba ko data ce ta ƙare. Zare sim ka goge ka mayar. Tambayi maƙwabci mai layi irin naka ko shi ma haka ne. Idan abin ya wuce yini, kira kamfani a 300, ka tabbata sun ba ka lambar ƙorafi ka rubuta ta. Idan suka yi ta ja maka rai, da wannan lambar za ka kira NCC a 622, kyauta ne.

Kuɗin da nake kashewa ya ragu, amma bai kai yadda na zana a takarda ba, domin har yanzu kowa na son ɗan data na fita waje. Tsohuwar rautar kuma ƙanena ya ce in ba shi ya gwada ta a ɗakin abokansa da ke kusa da sabuwar jami'a, wai can layin yana kamawa. Na ce ya fara gwadawa da daddare.