Yadda malami zai koya wa ɗaliban matsakaiciyar makaranta juriya

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, jihohin Gadarif da Kasala da ke gabashin ƙasar suka karɓi ɗimbin yaran da aka raba da gidajensu, cikinsu har da 'ya'yan Hausawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14, wato daidai shekarun waɗannan ɗalibai.

Malami ya ware minti biyar a farkon darasi, ya sa kowane yaro ya dafa cikinsa, ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga huɗu, sannan ya fitar a hankali yana ƙirga shida. Za su yi ta dariya a makon farko, kada wannan ya karya masa gwiwa. Daga nan ya koya musu kiran abin da ke ransu da sunansa, ko tsoro ne, ko fushi, ko kewar gida, da Hausa ko da Larabci.

Kada a tilasta wa kowa ba da labarin abin da ya gani. Idan yaro yana firgita da ƙarar buga ƙofa, ko barci da cin abinci suka gagare shi tsawon makonni, a sanar da iyayensa a keɓe, a kai shi wurin likita.