Kurakuran da ke karya bakan manne tun bai harba kibiya goma ba

Jama'a masu sha'awar kwari da baka, musamman matasanmu na nan Zariya da suka fara gwada haɗa bakan manne a gida, wato wanda ake fere gora da katako a haɗa su da gam maimakon a sassaƙa reshe guda yadda maharbanmu suka gada, akwai kurakurai da nake ganin ana ta maimaitawa, kuma wallahi abun na ci min rai in naga aikin makonni ya tashi a banza. Yawancinsu tushensu ɗaya ne, ana yi wa baka aiki irin na kujera. Kujera ba ta lanƙwasa, shi kuwa baka duk jan da ka yi, bayansa, wato ɓangaren da ke kallon abin harbi, miƙewa yake, cikinsa da ke kallonka kuma matsewa yake. Shi ya sa ake sa gora a baya don tana jure miƙewa, a sa itace mai tauri a ciki. Japanawa ma dogon bakansu da ya wuce mita 2 gora da itace ne a manne.

Matsalar tana farawa tun a wajen 'yan katako. Mutum zai je Sabon Gari ya ɗauko obeche ko melina saboda arha da sauƙin fira, toh waɗannan taushi gare su, cikin bakan zai murƙushe ka ga wasu siraran layuka sun fito a gicciye, daga nan kuma babu gyara. Nemi mai tauri irin marke, sannan ka ɗaga katakon a haske ka bi jijiyarsa da ido daga wannan kai zuwa wancan, in ta kauce ta fita ta gefe ko akwai ƙulli a inda zai lanƙwasa, ajiye shi ko da kyauta aka ba ka. Ɗanyen katako kuma shi ne babban mai yaudara don a hannu zaka ji kamar ya bushe. Shafa fenti ko kakin kyandir a kawunansa biyu kar ya tsage, ka ajiye a inuwa inda iska ke shiga, kana ɗora shi a sikeli lokaci-lokaci, ranar da nauyin ya daina raguwa to ya bushe. Danshin da ake so a cikinsa wajen kashi 8 zuwa 10 ne cikin 100. Kuma mu a nan yanayi na wasa da wannan sosai, bakan da ka gama a Agusta ruwa na zuba zaka same shi ya ƙara tauri in hunturu ya kankama a Janairu, wanda ya bushe fiye da kima kuma saurin karyewa gare shi.

Sai gora. Ƙarfinta duk yana can kusa da fatar waje, amma sai ka ga an sa samfefa an goge gaɓoɓin sun kwanta sumul don ya yi kyau a hoto, alhali an yanke jijiyoyin da ke riƙe da bakan kenan. Bar gaɓar yadda Allah Ya yi ta, iyaka ka ɗan rage kaifinta. Ta ciki ake fere gora har ta kwanta daidai, kaurinta ya dawo wajen milimita 3 a tsakiya, ya ƙara sirancewa zuwa kawuna. In ka bar ta da kauri sai ta fi ƙarfin katakon ciki ta murƙushe shi.

Maganar gam dole in daɗe a kanta dan nan ne aka fi asara. Sufa gulu da gam ɗin takalmi ba su da wuri a wannan aikin, haka ma epoxy, wato gam mai kashi biyu da ake gaurayawa, irin mai kamawa cikin minti 5, kafin ka gama shafa tsawon bakan ya fara daskarewa kuma ba shi da ƙarfin wanda ke kamawa a hankali. Sayi mai jinkirin, irin Araldite ɗin da sai ya kwana, ka auna kashi biyun yadda aka rubuta a kwalin, kar ka ƙara mai busarwar wai don ya yi sauri, rage masa ƙarfi kawai kake yi. Fuskar da za a manna kuma ba santsi ake so ba, goge ta da samfefa mai kaushi kamar lamba 40 ko 60, ka kaɗe ƙurar da burushi mai tsabta, daga nan kar yatsanka ya sake taɓa wurin saboda maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana gam kamawa. Shafa a fuska biyun duka, ba guda ba. Kafin ma ka buɗe gam ɗin haɗa su a bushe ka ɗaga sama, in haske na ratsa tsakaninsu koma ka gyara, gam ba zai cike maka ramin da ka ƙi gyarawa ba.

Wajen ɗaurewa wasu sai su sa matsi na ƙarfe guda uku ko huɗu su murɗa iya ƙarfinsu, inda ƙarfen yake gam ya tsiyaye kaf ya bar wurin a bushe, tsakanin ƙarfe da ƙarfe kuma babu matsi ko kaɗan. Abin da ya fi shi yana wajen mai faci, tsohon tub ɗin keke ko na babur, ka yanka shi dogaye kamar faɗin yatsa biyu. Naɗe bakan da leda tukuna kar ya manne da katakon da ka yanka da siffar lanƙwasar da kake so, sannan ka ɗora shi a kan katakon ka fara naɗa robar daga tsakiya zuwa kai, kana ja kana ɗora kowane zagaye a kan rabin na baya. Zaka ga gam na ɗan tsattsafowa ta gefe a ƙarƙashin ledar tun daga mariƙi har kai, alamar ya samu ko'ina kenan. Duba kar gorar ta zame gefe, don jiƙaƙƙen gam santsi gare shi. Ba shi aƙalla awa 24, in da sanyin hunturu ne ƙara masa.

Yanzu an kwance roba, abu ya yi kama da baka, sai zumuɗi ya tashi a ɗaura tsirkiya a ja har kunne a nuna wa abokai. Dan Allah ɗan'uwa kar ka yi. Kafa katako a bango ka ɗora mariƙin a kai, sa doguwar igiya mai sako-sako, rataya sikelin hannu irin na auna kaya, ka ja kaɗan ka koma baya ka kalla. Hannuwan bakan biyu, wato ɓangarorin da ke kowane gefen mariƙi, su lanƙwasa daidai, kuma lanƙwasar ta bazu, kar ta taru wuri guda kamar gwiwa. Inda ta taru yi masa alama da fensir kar ka ƙara taɓa shi, wuraren da suka ƙi motsi su zaka kankare, ta ciki kawai, da bakin wuƙa ko fasasshen gilashi, kaɗan-kaɗan. Bayan kowace kankara ja shi sau 20 ko 30 a hankali kafin ka yarda da abin da idonka ya gani. Kuma in ka yi niyyar baka mai nauyin ja kilo 16, to kar sikelin ya taɓa wuce 16 ko sau ɗaya a duk aikin. Mai jan tsirkiya har tsawon inci 28 ya yi bakansa ya kai inci 66 ko 68, gajere kyau ne da shi amma ba ya yafe wa mai koyo.

Gurbin tsirkiya a gefe ake yanka shi da magagari, ba a kan bayan gorar ba. Zaren nailon na masu ɗinkin takalmi miƙewa yake ya cinye ƙarfin harbin, in ka samu zaren da ake kira Dacron shi ya fi. Tazarar tsirkiya da mariƙi wajen inci 6 ne, kamar dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe. Kar ka saki tsirkiya babu kibiya, ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiyar cikin bakan zai koma, kuma ka gaya wa duk wanda ka miƙa wa tun kafin ya karɓa. Shafa masa banish sau biyu ko uku har cikin gurbin tsirkiya saboda damina. In ka gama harbi kwance tsirkiyar ka kwantar da shi a kan ƙusa biyu a ɗaki mai sanyi, kar ka bar shi a but ɗin mota ko dab da rufin kwano a watan Afrilu, zafin nan na iya sassauta gam ɗin gorar ta fara ɗagowa.