Zama likitan dabbobi a Amurka: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani kafin ya zuba kuɗi

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo yana da abin da yawancin ɗaliban likitancin dabbobi a Amurka ba su da shi: ya san yadda ake kama bijimi, ya san akuya mai zawo tun daga nesa. Wannan ba ƙaramin jari ba ne, domin ƙarancin likitoci a ƙasar ya fi tsanani a karkara, wajen shanu, tumaki da awaki. Sai dai ka sani tun yanzu cewa hanyar zuwa wurin shanun ta kan karnuka da kuliyoyi ta bi. Jarrabawar lasisi ta ƙasa, NAVLE, tambayoyi 360 ce, kusan rabinsu a kan kare da kyanwa, sannan doki, sannan saniya, har da alade. Ba a tsallake ko ɗaya. Idan taɓa kare ko alade na damunka ta fuskar addini, zauna da malami ka warware wannan kafin ka biya kuɗin fom. A mazhabar Malikiyya dabba mai rai mai tsarki ce, amma gara ka ji daga bakin wanda ka yarda da iliminsa.

Hanya biyu ce, ya danganta da abin da ka zo da shi.

Wanda ya riga ya gama likitancin dabbobi a Zariya, Sakkwato, Maiduguri, ko a makarantar Dakar da 'yan Nijar ke zuwa, ba sai ya koma aji ɗaya ba, amma digirinsa kaɗai ba zai ba shi damar duba ko da kaza ba. Sai ya bi shirin ECFVG na ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, AVMA. Matakai huɗu ne a jere: tabbatar da digiri, jarrabawar Turanci irin TOEFL ko IELTS, rubutacciyar jarrabawar BCSE, sai ta aikin hannu, CPE, wadda ake yi cikin kwana uku a kan dabbobi. A nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe, kuma ba don rashin ilimi ba. Sashen tiyata da na sa dabba barci ana auna su da kayan aiki da ƙa'idojin tsafta irin na asibitocin Amurka, wanda bai taɓa riƙe na'urar maganin barci ta iska ba kuwa hannunsa zai nuna. Maganin wannan shi ne ka nemi aikin mataimaki a asibitin dabbobi tun watanninka na farko. Ba ya buƙatar lasisi, albashin kaɗan ne, amma kullum kana ganin yadda ake yi. Akwai kuma shirin PAVE, wanda a madadin jarrabawar aikin hannu ake yin shekara guda ta asibiti a makarantar da aka amince da ita. Ya fi tsada, kuma ka bincika ko jihar da kake son zama tana karɓarsa, domin lasisi na jiha ne. Tun kafin komai, ka matsa wa tsohuwar jami'arka ta aika takardunka kai tsaye. Jinkirin takardu kan cinye watanni a banza.

Matashin da zai fara daga tushe kuwa, ko iyayen da ke shirya ɗansu, ga lissafin: yawanci shekara huɗu ta digirin farko tare da darussan da ake sharɗantawa, irin su kimiyyar halittu, sinadarai, fizik da lissafi, sannan shekara huɗu ta likitancin. Yawancin makarantu ana nemansu ta manhaja guda, VMCAS, wadda ke rufewa a tsakiyar Satumba. Ana son wasiƙun shaida uku, kuma yawancin makarantu na son ɗaya ta fito daga likitan dabbobi. Sakamakon karatun da aka yi a gida sai hukumar WES ta tantance shi. Abin da sababbin zuwa suka fi sakaci da shi shi ne rubuta awannin aiki. Buɗe littafi tun yau: rana, wuri, irin dabba, awa nawa, sunan likitan da ke kula da kai. Kiwon gida ana lissafa shi a matsayin sanin dabba, amma ba ya maye gurbin aiki ƙarƙashin likita.

A takardar bayanin dalilinka, kada ka tsaya ga "ina son dabbobi". Kowa haka yake rubutawa. Faɗi abin da idonka ya gani: garken da ciwon huhu ya share, ko yaron da mahaukacin kare ya ciza aka rasa allura. Wannan shi ne abin da suke kira lafiya ɗaya, wato lafiyar mutum da dabba da muhalli a haɗe suke.

Yanzu kuɗi. Bashin da ɗalibi kan fita da shi yakan haura dala 150,000. Baƙaƙen fata ba su wuce kashi 2 cikin 100 na likitocin dabbobin ƙasar ba, shi ya sa aka daɗe ana kafa tallafi don 'yan tsiraru. Jami'ar Tuskegee da ke Alabama, wadda ta buɗe makarantar likitancin dabbobi a 1945, ita ta horar da mafi yawan baƙaƙen likitocin dabbobi na Amurka, kuma ta cancanci ka sa ta a jerinka. Amma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 da ya hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, tallafi da yawa sun sauya lafazi: yanzu za ka ga "wanda ya fara zuwa jami'a a gidansu", "mai ƙaramin ƙarfi", ko "mai niyyar aiki a karkara". Da waɗannan kalmomin za ka yi bincike.

Abin da ya fi launin fata yanke hukunci shi ne takardar zamanka. Mai bizar ɗalibi ba ya cikin masu cika FAFSA, fom ɗin tallafi da rancen gwamnatin tarayya. Mai girin kad da wanda aka bai wa mafaka suna ciki. Tallafin 1890 na ma'aikatar noma, wanda ke biyan kuɗin digirin farko a jami'o'in baƙaƙen fata irin su Tuskegee, na ɗan ƙasa ne kawai, haka ma na rundunar soja. Tallafin gidauniyar Zoetis ta hannun ƙungiyar makarantun likitancin dabbobi, AAVMC, sai ka riga ka shiga makarantar za ka nema. Bayan kammalawa akwai shirin VMLRP, da ke biyan wani kaso na bashin wanda ya yarda ya yi shekara uku a yankin da babu likitoci. Shiga MANRRS, ƙungiyar 'yan tsiraru a fannin noma da kimiyyoyin da suka shafe shi, a jami'arka, ko ta baƙaƙen likitocin dabbobi, NABV. A can ake fara jin labarin ƙananan tallafi da guraben horo.

Ragi mafi girma kuwa ba tallafi ba ne, zama ɗan jiha ne. A jami'ar gwamnati, baƙo daga wata jiha kan biya kusan ninki biyu. Yawanci sai ka yi wata 12 a jihar, ba a matsayin ɗalibi ba, da lasisin tuƙi, takardar haya da shaidar biyan haraji, dukkansu ɗauke da adireshin jihar. Saboda haka, idan har yanzu kana zaɓen inda za ka sauke kaya, duba jihar da ke da makarantar likitancin dabbobi ta gwamnati, ka karanta sharuɗɗanta kafin ka sa hannu a takardar haya.