Yadda ake neman kuɗin masta ko dakta idan bincikenka kan gibin lafiya ne tsakanin talaka da mai hali

Duk sanda aka zo lokacin sikolashif sai saƙonni su cika min waya, "Yaya don Allah turo min link", to ni dai link ba shi ne matsalar ba wallahi, matsalar ita ce mutum bai ma san me zai bincika ba amma yana neman wanda zai biya masa kuɗin bincike. Masu ba da kuɗin nan ba tausayi suke rabawa ba, tambaya suke saya. Saboda haka kafin ka buɗe kowane shafi, zauna ka fitar da tambayarka.

Kuma mu 'yan arewa tambaya ba ta yi mana ƙaranci ba. Duba binciken NDHS na 2018, wato binciken ƙasa kan al'umma da lafiya, a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Kebbi, 252 ba sa kai shekara biyar, a Ogun kuwa 30 ne. Ƙasa ɗaya fa, tuta ɗaya. Wannan tazarar ita ce abin da fannin nan yake nazari a kai: waye ke samun magani, waye ba ya samu, kuma me ya sa. Amma kar ka rubuta "zan binciki mace-macen yara a Najeriya", wannan ya yi faɗi, ko farfesa ba zai iya ɗaukarsa ba. Ka matse shi. Me ya sa matan ƙauyuka biyu da ke nisa ɗaya da asibiti, na wannan suna zuwa awo na wancan ba sa zuwa, kuɗin mashin ne, izinin maigida ne, ko kuwa ma'aikaciyar jinya ce take musu tsawa. Ko ka ɗauki sikila, ko yoyon fitsari da ake yi wa aiki a Babbar Ruga ta Katsina da Jahun, ko cutar noma mai cin baki da fuskar yara, wadda sai a Disamba 2023 WHO ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan, ga asibitinta nan a Sakkwato tun 1999. Bature daga Landan ba zai iya zama da tsohuwar ungozoma su yi hira da Hausa ba, kai za ka iya, wannan shi ne jarinka, ka faɗe shi a takarda ba tare da kunya ba.

To ina kuɗin yake. Fara da gida tukuna. A BUK akwai cibiyar ACEPHAP da aka kafa da tallafin Bankin Duniya, suna yin masta da dakta a kan lafiyar mata, yara, abinci mai gina jiki da tsare-tsaren lafiya, kuma tsarin irin waɗannan cibiyoyi yana son ɗalibai daga ƙasashe maƙwabta, don haka 'yan Nijar da Chadi su ma su leƙa. A ABU Zariya akwai wata makamanciyarta kan cututtukan da aka yi wa sakaci. Idan kai malami ne a jami'a, foli ko kwalejin ilimi ta gwamnati, TETFund ce hanyarka, amma ta makarantarku ake bi, ba kai tsaye ba, sai ka san ofishin da ke kula da ita da wuri. Wanda ba malami ba kar ya ɓata lokacinsa a nan.

A cikin Afirka, wanda na fi so shi ne shirin TDR na WHO, mai kula da bincike da horaswa kan cututtukan ƙasashe masu zafi, suna biyan masta gaba ɗaya a jami'o'i irin su Jami'ar Ghana da Wits ta Johannesburg, mai Faransanci kuma ga Dakar. Abin da suke koyarwa shi ne binciken aiwatarwa, wato magani yana nan, an san yana aiki, amma me ya hana shi isa ga mutane. Kusan duk tambayar da ɗan arewa zai yi tana shiga nan. Akwai kuma CARTA, wata haɗakar jami'o'in Afirka da ke biyan dakta, sai dai fa ma'aikatan jami'o'in da ke cikin haɗakar kawai take ɗauka, a Najeriya Ibadan da Ife ne, kar ka kwana kana cike fom a banza.

Na waje kowa ya san su. Chevening masta ce ta shekara ɗaya a Ingila, suna buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu, awa 2,800 suke ƙirgawa, ana buɗewa a Agusta, kuma dole ka dawo gida ka yi shekara biyu bayan ka gama. Commonwealth kala-kala ce, wata ta Hukumar Sikolashif ta Tarayya ake bi, wata ta jami'ar can, har da ta karatu daga gida ta intanet, wadda ta dace da 'yar'uwa mai goyo ko wanda ba zai iya ajiye aiki ba. DAAD ta Jamus tana biyan masta ta lafiyar ƙasa da ƙasa a Heidelberg, ita ma tana son shekara biyu na aiki. Kuɗin Amurka kam tun da aka rufe USAID a 2025 sun ja baya sosai, kar ka ɗora duk fatanka a can.

Yanzu ga wanda mutane suke rainawa alhali shi ne mabuɗi: ƙaramin tallafi. Ƙungiyar RSTMH ta Landan, ta masana cututtukan ƙasashe masu zafi, duk shekara tana ba masu tasowa har fam 5,000 su yi ƙaramin bincike na shekara guda, ba ruwansu da ƙasarka. Idan ka samu wannan, ka yi aikin, ka buga takarda ɗaya, gobe in ka nemi babban kuɗi ba a matsayin baƙo za ka shiga ba. Ko ba ka samu ko sisi ba, bayanan DHS (irin NDHS ɗin can) da na MICS (binciken gidaje na UNICEF) kyauta ake ba da su idan ka yi rajista ka bayyana me za ka yi da su, ka koyi manhajar nazarin alƙaluma irin R ko Stata a kwamfutarka, ka kwatanta jiha da jiha, ko gidajen talakawa da na masu kuɗi, ka fitar da takarda kana zaune a ɗakinka.

Takardu kuma, ka fara shekara guda kafin lokaci, ba wasa nake ba. Ni taranskirif ɗina wata biyar ya yi a wani ofis, kullum "oga bai sa hannu ba", har wa'adin ya wuce ina kallo. Fasfo, sakamakon WAEC, jarrabawar Turanci ta IELTS idan sun nema, duk a tanada. Masu rubuta maka wasiƙar shaida, ka zaɓi malamin da ya san aikinka ba mai babban suna da bai taɓa ganin fuskarka ba, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tura masa takaitaccen bayanin abin da kake nema, ka ba shi sati uku aƙalla. Idan za ka nemi sufabaiza ta imel, karanta takardarsa ɗaya tukuna, ka ambace ta, ka yi layi shida ko bakwai ka tsaya. Gaisuwar nan tamu mai tsawo ajiye ta sai kun saba.

Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne.

Sai kasafin kuɗi, inda da yawa suke faɗuwa. Ka sa kuɗin izinin kwamitin ɗa'a na asibiti ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, domin babu mujallar kirki da za ta buga aikin da ba shi da wannan takarda. Ka sa kuɗin fassara tambayoyi zuwa Hausa da mayar da su Turanci don a tabbatar ma'ana ba ta sauya ba, ka sa alawus ɗin mata masu ɗaukar bayanai tunda namiji ba zai shiga gidan aure ya yi tambayar haihuwa ba, ka sa man mashin, kati, da ɗan abin gaisuwar mai unguwa da dagaci. Kuma ka duba kalanda, kar ka tsara shiga ƙauye a tsakiyar Agusta lokacin da hanya ta yanke kowa yana gona, ko cikin azumi da rana tsaka.