Yadda ake gane oksideshan da ridakshan ba tare da haddar tsiya ba

Duk ɗalibin da ya kawo mini tambayar ridoks (wato oksideshan da ridakshan a haɗe) ta WAEC, abin da nake fara gaya masa shi ne ya daina farautar oksijin. Ilektiron ake bi. Wanda ya saki ilektiron shi aka yi wa oksideshan, wanda ya karɓa shi aka yi wa ridakshan. Ɗaya ba ya faruwa sai da ɗayan, domin ilektiron ba ya yawo babu mai karɓarsa.

Ka fara da ido tukuna. Goge sabuwar ƙusa da sanfefa, ka tsoma ta cikin shuɗin ruwan CuSO4 (gishirin jan ƙarfe, kofa salfet), ka bar ta. Jim kaɗan za ka ga jan ƙarfe ya lulluɓe ta, shuɗin ruwan kuma yana dusashewa ya koma kore-kore. Fe, wato ƙarfen ƙusar, ya ba da ilektiron 2, Cu, wato jan ƙarfen da ke cikin ruwan, ya amshe.

A takarda, lambar oksideshan ce za ta raba gardama. Sinadarin da ke zaune shi kaɗai, 0 ne. Oksijin -2, sai a irin H2O2 inda yake -1. Haidirojin galibi +1. Jimillar duka a cikin haɗin sinadarai ta zama 0, in kuma ayon ne (wato mai ɗauke da caji), ta yi daidai da cajinsa. Gwada da KMnO4: K +1, oksijin huɗu -8, dole Mn ya zama +7. Rubuta lambobin a saman kowane sinadari, gefen hagu da dama na ikweshan ɗin, wato kafin haɗuwa da bayanta. Wanda lambarsa ta hau, oksideshan. Wanda ta sauka, ridakshan. A ƙusar nan Fe ya tashi daga 0 zuwa +2, Cu ya sauko daga +2 zuwa 0.

Inda yara ke zubar da maki, wallahi a banza, shi ne wajen sunan mai aikin. Mai sa oksideshan shi ne wanda lambarsa ta sauka, ba wanda ta hau ba. Wato Cu2+ a nan.

In kana Kano, leƙa marinar Ƙofar Mata. Shunin da ke cikin rijiyar an riga an yi masa ridakshan, shi ya sa yake narkewa ya shiga zare. Marini yana tsamo zane da launin kore-kore, iska ta buge shi, oksijin ya janye ilektiron, ka ga shuɗi yana bayyana a hannunsa. Shi ya sa yake tsomawa yana ɗagawa sau da yawa in yana son launin ya yi duhu.