"Ban sani ba" ba ya maido da kaya: kurakuran masu sayar da sarƙa da awarwaro a intanet

A Yamai yanzu ba sai kina da shago a Babbar Kasuwa ba kafin ki sayar da kayan ado. Waya ta wadatar: hoto a WhatsApp da Facebook, kuɗi ta Nita ko Amana, yaro mai babur ya kai kaya har gida. Rigimar tana tasowa ne ranar da ta bayyana cewa awarwaron da kika saro, mai sunan Cartier a cikinsa, kamfanin kayan ado na Cartier bai taɓa ganinsa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar rashin sani a matsayin garkuwa. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OAPI, ƙungiyar yi wa tambari da ƙirƙira rajista a Afirka, mai mazauni a Yawunde, kuma dokar tambarin kaya da ke aiki a nan ita ce yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda aka yi wa gyara na baya-bayan nan a Bamako a 2015. Tambarin da aka yi wa rajista a can yana da kariya a Yamai da Tawa duka. Dokar ta tanadi ɗauri da tarar miliyoyin sefa ga wanda ya sayar da jabu yana sane. To, rashin sani zai iya raba ki da gidan kaso, amma ba ya mai da jabu halal. Mai tambari na iya samo izinin shugaban kotu, ma'aikacin kotu ya zo ya ƙirga kayan ko ya kwashe su, kuma alƙali na iya sa a lalata su. 'Yan duwan ma suna da ikon tsare kaya tun a filin jirgi. Jarin ya tafi ke nan, ga wadda kika sayar wa tana jiran kuɗinta.

Sannan shi kansa rashin sanin ba faɗa da baki ba ne, alƙali yana auna shi. Abu na farko da zai duba shi ne farashi. Awarwaron Cartier mai suna Love, wanda ake ɗaurewa da ɗan sukudireba, na zinariya ne karat 18, kuma sabonsa ya fi sefa miliyan 2. Wadda ta sare shi jaka 15 ta ce ta ɗauka na asali ne, wa zai saurare ta? Haka sarƙar nan mai siffar fure mai ganye huɗu ta Van Cleef & Arpels da ta cika lefen amare. Kafin ki yi sari, buɗe shafin kamfanin, ki ninka farashin yuro sau 656 ki sami kuɗinsa a sefa. In tazarar ta wuce hankali, amsar ke nan.

Wasu kuma da hannunsu suke rubuta shaidar da za ta kama su. Ana tsammanin in an sa "kwafi ne" ko "lamba ɗaya" a ƙarƙashin hoto an wanke kai. Wannan yana hana mai saye cewa an yaudare ta, shi ke nan. A wajen mai tambari kuwa ikirari ne a rubuce cewa kin san abin da kike sayarwa. In kuma kika bi ɗayar hanyar kika rubuta "orijinal" alhali kina shakka, kin shiga maganar damfara, ga kuma dokar 2019 kan laifuffukan intanet. Mafitar ɗaya ce: ki saro kayan da ba su ɗauke da suna ko alamar kowa, ki kira su da abin da suke, ruwan gwal ko azurfa, ba tare da ambaton wani kamfani ba ko da a hashtag.

Akwai ruɗanin da ya fi kama manyan hajiyoyi fiye da ƙananan dillalai, wato "ai zinariyar gaske ce". Tambayoyi biyu ne daban. Maƙeri zai goga abin a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli, ya tabbatar miki karat 18 ne ko 21. Bai tabbatar miki wa ya ƙera ba. Awarwaron zinariya tsantsa da wani maƙeri ya zuba ya buga masa sunan Cartier jabu ne a idon doka, kuma asararsa ta fi ciwo tunda kuɗin da ke ciki ya fi yawa.

Shi ma gwajin ƙarfen ana yi masa garaje. Lambar da ke jikin maƙulli tana da ma'ana: 750 karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, 925 azurfa, GP kuwa shafe ne kawai. Sai dai buga lamba ba wuya, kwali da katin garanti ma ana sayar da su buhu-buhu. Maganaɗisu ba ya jan zinariya, amma ba ya jan tagulla ma, don haka tagullar da aka shafe tana tsallake wannan gwaji lafiya lau. In shafen ya yi kauri, sai maƙeri ya ɗan karce wuri a ɓoye kafin ruwan ya faɗi gaskiya.

Sari ba takarda shi ne ke sa asarar ta tsaya a kanki ke kaɗai. Ki nemi takardar saye mai sunan mai kaya, kwanan wata, yawan kaya, nauyi da karat. In ya ce na asali ne, ya rubuta. Ki adana hirarku da saƙon murya da rasit ɗin tura kuɗi. In a Yamai, Kwatano ko Lome kika saya, dokar ciniki tsakanin 'yan kasuwa ta OHADA, ƙungiyar da ta haɗa dokokin kasuwancin ƙasashen nan, ta ba ki wata ɗaya bayan karɓar kaya ki sanar da aibin da ke fili, shekara ɗaya kuma ga aibin ɓoye daga ranar da ya bayyana. Kunyar surukuta ko ta maƙwabtaka ta cinye wa mutane da yawa wannan watan.

Ranar da aka ce miki kayan jabu ne, ko Facebook ya sauke hotonki, daga nan rashin saninki ya ƙare. Kada ki karya farashi don ragowar su fita da wuri, kada ki miƙa wa ƙanwarki ta sa a nata shafin, kada ki goge hira. Sauke hotunan, ƙirga abin da ya rage ki ajiye gefe, ki kira waɗanda suka saya ki mayar musu da kuɗinsu a gaban shaida, a rubuta. In takarda ta zo daga kotun kasuwanci ko sammaci daga 'yan sanda, ki tafi da lauya da takardun sarinki, kada ki sa hannu a abin da ba a fassara miki ba.